Baƙon da ke shigo wa yaranmu ta cikin waya

A wannan makon za mu duba batun mutanen da ke farautar yara ta wayar salula, da abin da ya kamata uwa da uba su yi tun kafin a kai ga da-na-sani.

Bari mu fara da rayuwar da yawancinku kuka sani, musamman mazauna Dutsen Alhaji da maƙwabtansu na Dutse Makaranta, Dawaki da Kubwa. Ana idar da sallar asuba maigida ya fita neman mota, domin duk wanda ya bari rana ta ɗaga ya san zaman da zai sha a mahaɗar Dutse kafin ya hau babbar hanyar Kubwa zuwa Wuse ko Sakatariya. Uwargida ita ma ko tana koyarwa, ko tana da shago a kasuwa. Yara su dawo daga boko, su wuce Islamiyya, su komo gida, iyaye kuwa sai bayan magariba ko isha'i, a gajiye liƙis. A wannan tsakanin an bar musu waya, kuma da dalili: a kira a ji lafiyarsu, su kuma duba aikin gida da malami ya turo a zauren WhatsApp na aji. An kulle ƙofa, an ja musu kunne kada su buɗe wa kowa. Sai dai baƙon da muke magana a kansa ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta cikin wayar yake shigowa, ya wuce falo har ƙuryar ɗaki, babu maƙwabcin da ya ga shigarsa.

Idan abu ɗaya za ku riƙe daga rubutun yau, to ku riƙe wannan: babban makamin irin waɗannan mutane shi ne shirun yaro. Yaron da ya tabbata cewa idan ya buɗe baki za a lakaɗa masa duka, a ƙwace waya, a tara masa dangi, zai haɗiye maganar har ta cinye shi. Wanda kuwa ya san zai iya zuwa wurin mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya ce ga abin da ya faru, a saurare shi, to mai farautar ba shi da igiyar da zai ɗaure shi da ita.

Yadda suke ɗana tarko

Ba a rana ɗaya ake yin aikin ba. Mutumin yakan buɗe shafi da hoton wani matashi ko wata budurwa, ya rubuta sunan makarantar da aka sani, sannan ya nemi abota da yara da yawa 'yan aji ɗaya. Idan 'yarku ta ga ƙawayenta biyar sun riga sun karɓe shi, sai ta ɗauka na gida ne. Wasu ta TikTok, Facebook ko Instagram suke shigowa, wasu ta wasannin waya da ake hira a cikinsu. Wasu kuma lambar yarinya suke tsinta a zauren lesin, ko na 'yan ajin da suka kammala, ko na masu tallar atamfa da turaren wuta.

Da gaisuwa da yabo ake farawa. Ya ce mata ta fi shekarunta hankali. Ya tambaye ta me ya ɓata mata rai yau, ya saurara har ta gama. Yarinyar da ta wuni babu wanda ya tambaye ta yadda makaranta ta kasance, sai ga wani yana da lokacinta kullum. Daga nan sai ƙananan kyaututtuka: data, katin waya, ko dubu biyu da za ta karɓa wajen mai POS na bakin layi. Kyautar tana da aiki biyu. Tana sa yarinyar ta ji akwai bashi a kanta, kuma ta zama sirri na farko da ta ɓoye wa iyayenta.

Da zarar sirri ya shiga tsakani, sai ya fara raba ta da gida. Ya ce Mama ba za ta fahimta ba, Baba mutumin da ne. Ya ja ta zuwa manhajar da saƙo ke ɓacewa da kansa, ya koya mata goge hira. Sai neman hoto: yau na fuska, gobe ba mayafi, jibi abin da ya wuce haka, yana rantsuwa cewa kallo ɗaya zai yi ya goge. Ku sani, kuma ku sanar da yaranku, hoton da aka ce sau ɗaya ake buɗewa ma ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Ranar da hoton ya shiga hannunsa, ranar murya ke canzawa. Ko ta turo wani, ko ta kawo kuɗi, ko ta zo inda yake, in ba haka ba zai tura wa mahaifinta da malaman Islamiyyarsu da dukan 'yan ajinsu.

Kada ku ɗauka kullum baƙo ne daga nesa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma a Najeriya, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma galibin masu aikata hakan mutane ne da yaran suka sani. Waya ta sauƙaƙa wa irin waɗannan aiki ne kawai. Mai koyar da lesin, maƙwabci ko ɗan uwan da a da sai ya nemi hanyar keɓewa da yaro, yanzu lamba kawai yake buƙata. Saboda haka duk baligin da ke yi wa ɗanku ko 'yarku saƙo a keɓe da dare, ko wane ne shi, akwai tambayar da zai amsa.

Maza ma ba su tsira ba

Iyaye da yawa idonsu na kan 'ya'ya mata, sun saki jiki da maza. Wannan kuskure ne. Akwai wata damfara da ta fi auka wa samari 'yan sakandare: a zo wa yaro da hoton budurwa, a ja shi da hira, a turo masa hoton tsiraici na ƙarya a ce shi ma ya turo nasa. Yana turawa sai barazana da neman kuɗi.

A watan Maris na 2022, wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan sa'o'i bayan an yi masa irin wannan tarko a Instagram. Ya tura abin da yake da shi na kuɗi, ba su ƙyale shi ba. Iyayensa ba su san komai ba. Bincike ya biyo sawu har Legas, inda aka kama wasu 'yan uwan juna biyu, Samuel Ogoshi da Samson Ogoshi. An miƙa su ga Amurka a watan Agustan 2023, kuma a Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A watan Yulin 2024 kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da wannan sana'a.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, masu wannan aiki a cikinmu suke, kuma wanda ya iya yi wa ɗan Amurka ba zai ji kunyar yi wa ɗan Dutse ba. Na biyu, ku lura da ɗanku matashi da ya fara shigo da kuɗi ko sabuwar waya ba ku san sana'arsa ba, domin ana iya jan yaro ya zama mafarauci kamar yadda ake iya farautarsa.

Haɗuwa ido da ido ita ce mafi haɗari. Wasunku za su tuna abin da ya faru a watan Yulin 2012, lokacin da wasu da suka ƙulla abota a Facebook da wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suka gayyace ta Legas da sunan harkar kasuwanci, suka kashe ta a wani otel da ke Festac. A watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Wannan fa baliga ce mai ilimi da sana'a. To ina ga yarinyar da ke aji biyu na ƙaramar sakandare?

Me ya sa yaro ke yin shiru?

Mun tashi da kunya, kuma kunya ado ce. Amma mai farauta ya san tarbiyyarmu sarai, da ita yake aiki. Ya san yarinyar ba ta taɓa jin mahaifiyarta ta yi mata maganar jikinta ba, balle ta san kalmar da za ta fara da ita. Ya san an sha faɗa mata cewa duk wadda sunanta ya ɓaci ba mai aurenta. Ya san yaron ya fi tsoron idon mahaifinsa a kan kowace barazana. Kuma ya san hukunci na farko a yawancin gidaje shi ne ƙwace waya, wadda a wurin matashi ita ce ƙawaye da wasa da karatu gaba ɗaya. Idan ya ce, "in kin faɗa ke za a kashe da duka," yarinyar tana duba gidansu ta ga gaskiya ya faɗa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce tsoron da ke tsakanin yaro da iyayensa.

Tunda baki ba zai faɗa ba, jiki da hali sukan nuna. Ku lura idan yaro ya fara kife waya ko fita da ita da zarar kun shigo, ko ya firgita idan saƙo ya shigo. Ku lura da data da ba ta ƙarewa alhali ba ku kuka saya ba, da sabon layi, da kaya ko kuɗin da ba a san tushensu ba. Ta fuskar lafiya kuwa, akwai rashin barci, gyangyaɗi a aji, ƙin cin abinci, yawan ciwon kai ko ciwon ciki da asibiti ba ta ga dalilinsa ba, saurin fushi, ƙin zuwa makaranta, ko kuɗi su fara ɓacewa a gida a hannun yaron da bai taɓa ɗauka ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, domin shekarun balaga na zuwa da nasu sauye-sauyen. Idan suka taru, a zauna a yi magana cikin natsuwa. Idan kuwa yaro ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ɗauke shi wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da za ku yi tun yanzu

Ku fara da alƙawari, ku furta shi da baki. Uwa ta zaunar da 'yarta, uba ya zaunar da ɗansa, a ce: "Duk abin da ya same ka a waya, ko da kai ka fara kuskuren, ka zo ka faɗa mini. Ba zan dake ka ba, tare za mu gyara." Sannan ku cika alƙawarin ranar da aka gwada ku da ƙaramin abu, domin daga nan yaro zai auna ko zai kawo babba. Idan nauyin baki ya hana ku, ku wakilta wata gwaggo, inna, yaya ko kawu da yaron ya saba da shi, ku gaya masa cewa wannan ma ƙofa ce a buɗe.

Ku koya musu ƙa'idoji kaɗan da za su iya riƙewa. Ba a tura hoton jiki ga kowa, ko da wanda ya ce zai aure ki ne. Ba a faɗin sunan layi, makaranta ko lokacin da iyaye ba sa gida. Ba a karɓar data ko kuɗi a ɓoye. Ba a zuwa haɗuwa da wanda a waya aka san shi. Duk babban da ya ce kada ka gaya wa Mama, to a ranar za a gaya wa Mama.

Waya ta kwana a falo ko a ɗakin iyaye. Yawancin irin wannan hira cikin dare take yin nisa, lokacin da gida ya yi tsit. Ko wutar lantarki ta dawo tsakar dare, a falo za a yi caji. Wannan doka za ta fi tasiri idan yara suka ga ku ma kuna ajiye taku wayar lokacin cin abinci.

Ku san shekarun da aka ƙayyade. Facebook, Instagram da TikTok duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Ƙasar Ostireliya ma ta yi doka a Nuwamban 2024 da ta ɗaga shi zuwa 16. Idan ɗanku ɗan shekara goma yana da shafi, to an yi ƙaryar shekaru wajen buɗewa, kuma manhajar tana mu'amala da shi ne a matsayin wanda ya girme shi. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba ku damar amincewa da abin da yaro zai sauke a wayar Android da kuma ƙayyade lokacin da wayar za ta kulle. TikTok na da tsarin Family Pairing da ke haɗa shafinku da na yaro. A WhatsApp, ku shiga sashen Privacy ku gyara yadda waɗanda ke cikin lambobin wayar kaɗai za su ga hoton yaro ko su saka shi a zaure. Idan ba ku iya ba, ku sa wani amintacce ya yi a gabanku. Ku yi hakan da sanin yaron, domin leƙen asiri a ɓoye idan ya tonu yakan rushe amanar da kuke ginawa, kuma yaran yanzu sun fi mu sanin hanyar zagaye kowane kulle.

Ku ma ku duba abin da kuke ɗorawa. Hoton yarinya cikin kayan makaranta da tambari a ƙirji, a ƙofar gida, da sunanta da ranar haihuwarta, ya ba mai mugun nufi duk abin da yake buƙata don ya fara hira kamar ya san ta.

Idan abin ya riga ya faru

Minti biyar na farko su ne komai. Ku haɗiye fushi, ku ce wa yaron ya kyauta da ya faɗa, kuma laifin na wanda ya yaudare shi ne. Faɗa da nasiha suna da ranarsu.

Kada a biya ko sisi, domin biya ba ya kashe barazana, ƙara wa mai yin ta ƙwarin gwiwa yake yi. A daina ba shi amsa. Amma kafin a toshe shi, a ɗauki hoton hirar, da sunan shafinsa, da lambar waya, da lambar asusun bankin da ya turo. Iyaye da yawa cikin ɓacin rai sukan goge komai ko su fasa wayar, sai a rasa hujja. Hoton yaron kansa kuwa kada a tura wa kowa, ko dangi, ko da sunan neman shawara, domin yaɗa shi laifi ne a doka.

Doka tana bayanku. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Babban Birnin Tarayya, kuma a wurinta duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 23, ta haramta yin hotunan batsa na yara, mallakarsu da yaɗa su, da kuma yaudarar yaro ta intanet don a sadu da shi a yi lalata, tare da hukuncin ɗauri na shekaru da tara mai yawa. Za ku iya kai ƙara hukumar NAPTIP, wadda hedikwatarta ke Wuse Zone 5, ita ce kuma ke aiwatar da Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015 a Abuja. Rundunar 'yan sanda na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa da ku zai iya karɓar ƙorafi. Idan yaro ya fita haɗuwa da wani bai dawo ba, a kira 112 nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Game da hoton da ya riga ya fita, akwai wani tsari na kyauta mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara da ke Amurka. Ba ya karɓar hoton kansa. Wata lamba ta musamman yake cirowa daga hoton a cikin wayarku, sai kamfanoni irin su Facebook, Instagram da TikTok su yi amfani da ita wajen ganowa da sauke shi daga shafukansu.

Idan har an kai ga taɓa jikin yaro, asibiti ne farko, kafin wanka da canza kaya idan zai yiwu. Maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Mazauna Dutse suna tsakanin Babban Asibitin Kubwa da Babban Asibitin Bwari, kuma a na Bwari akwai cibiyar Awyetu da aka keɓe don kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta wannan hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rufa-rufa don gudun abin kunya, ko sasantawa a zaure saboda mai laifin ɗan unguwa ne, yana barin yaronku da ciwon, ya kuma bar mutumin ya koma kan 'yar maƙwabcinku. Bayan an gama da likita da hukuma, a ci gaba da lura da barcin yaron da cin abincinsa da karatunsa na tsawon watanni, a nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa idan an ga bai dawo daidai ba.

Na san gajiyar da ake kwasowa daga cikin gari zuwa Dutse ba ƙarama ba ce. Duk da haka, yau da daddare idan kun shigo, kafin ku kwanta, ku kira yaran ku tambaye su wa suke hira da shi a waya, wane wasa suke yi, su nuna muku. Ku saurara ba tare da tsawa ba, sannan ku yi musu alƙawarin nan da muka ambata.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su daga sharrin na nesa da na kusa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.